Ɗaukar Ciki Kafin Girma: Tambayoyi da Amsoshi Kan Doka, Manufofin Gwamnati da Alhakin Al'umma

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da shugabannin al'umma suka fi maimaitawa idan zancen cikin 'yan mata masu ƙananan shekaru ya taso. An faro da na asali, sannan aka gangara zuwa ga doka da aiwatar da ita, kuma inda amsa ta dogara da wata an nuna lambarta.

1. Su wane ne ake nufi, kuma ina girman matsalar ya kai?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shekara 10 zuwa 19 a matsayin shekarun tasowa, don haka duk cikin da aka ɗauka a wannan tsakani yana shiga ƙidaya, da aure ko babu. Ƙiyasin hukumar ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ana samun ciki kimanin miliyan 21 a kowace shekara tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 19, kusan rabi ba da niyya ba, kuma kimanin miliyan 12 ne ke kaiwa ga haihuwa. Adadin yana raguwa a duniya: a shekarar 2000 ana samun haihuwa 64.5 cikin kowace dubu ta 'yan matan wannan rukuni, a 2023 kuwa ya sauko zuwa 41.3, sai dai a Afirka kudu da hamadar Sahara har yanzu yana dab da ɗari.

Akwai abin da alƙaluman ke ɓoyewa. Mai shekara 19 da ta gama sakandare ta yi aure da son ranta, da mai shekara 13 da wani babba ya yaudara, layi ɗaya ake sa su a takarda, alhali abin da likita da alƙali za su ce a kansu ya sha bamban. Galibin abin da ke tafe ya shafi waɗanda ba su kai 18 ba ne.

2. Wane haɗari ne yarinya ke fuskanta da babbar mace ba ta fuskanta?

Idan aka kwatanta su da 'yan shekara 20 zuwa 24, masu haihuwa kafin 20 sun fi gamuwa da jijjigar da hawan jini ke kawowa da cututtukan da ke kama mahaifa bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da nauyin da bai kai kilo biyu da rabi ba. Abin ya fi tsanani ga wadda ba ta kai 15 ba, domin ƙugunta bai gama buɗewa ba. Idan kan jariri ya maƙale, aka kwana biyu ana naƙuda ba a yi mata aiki ba, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa yakan mutu saboda matsi ya hana jini isa gare shi, kuma daga nan yoyon fitsari ke samo asali.

Ɓoyewa ma tana kisa. Yarinyar da ke tsoron a gane takan ɗaure cikinta da ƙyalle a ƙarƙashin rigar makaranta har wata shida ko bakwai, ba awo, ba maganin ƙarin jini, ba wanda ya taɓa gwada ta ya ga ko jininta ya hau. Wata kuma takan faɗa hannun wanda zai zubar mata da shi a ɓoye da kayan aiki marasa tsabta. Duk dokar da ta ƙara wa yarinya dalilin ɓoyewa ta ƙara mata haɗari, kuma da wannan ma'auni ya kamata a karanta amsoshi na 7 da na 11.

3. Ashe ba lalacewar tarbiyya ba ce tushen abin?

Tarbiyya tana da gurbinta, amma ba ta bayyana mafi yawan abin da ake gani. Rahoton da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na haihuwar 'yan mata a ƙasashe masu tasowa a cikin aure take aukuwa, ko a zaman da aka ɗauka tamkar aure, kuma UNICEF ta ƙiyasta cewa 'yan mata miliyan 12 ake aurarwa duk shekara kafin su cika 18. Waɗannan ba su karya wata ƙa'ida ba. Manya ne suka yanke musu.

A wajen aure kuwa, idan aka bi diddigi, sau da yawa fyaɗe ake tararwa, galibi daga wanda gidan ya sani, ko kuma babban mutum mai biyan kuɗin mota da na jarrabawa, ko malamin da maki ke hannunsa. Lokacin da Ebola ta sa aka rufe makarantun Saliyo daga 2014 zuwa Afrilun 2015, dubban ɗalibai mata sun ɗauki ciki. Da wuya a ce tarbiyyarsu ce ta rushe gaba ɗaya cikin 'yan watanni. Abin da ya canja shi ne ƙofar makaranta da aka garƙame da kuma talaucin da ya ƙaru a gidaje.

4. Me yarjejeniyoyin duniya suka tanada?

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Ta Afirka ta 1990 ta fi fitowa fili: sashe na 21 ya haramta aurar da yara, ya sa 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure tare da wajabta rajistarsa, sashe na 11 kuma ya ce a bai wa yarinyar da ta yi ciki damar ƙarasa karatunta. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka ta maimaita batun 18, sannan muradun ci gaba da ƙasashe suka amince da su a 2015 sun sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da auren yara. Sa hannu a waɗannan takardu alkawari ne, kuma a ƙasashe da dama alƙali ba zai yi aiki da su ba sai majalisa ta mayar da su dokar cikin gida.

5. Mene ne bambancin shekarun aure da shekarun amincewa da saduwa?

Shekarun aure su ne waɗanda ƙasa da su doka ba ta yarda a ɗaura aure ba. Shekarun amincewa kuwa su ne waɗanda ƙasa da su doka ba ta sauraron hujjar cewa "ai da yardarta", wato duk babban da ya kusanci yarinyar ya aikata laifi ko da ita ta biyo shi. Ƙasashe sun bambanta a kan na biyun, kuma wasu sun jima da ƙaramin adadi: Filifin ta ɗaga nata daga 12 zuwa 16 a 2022, Japan daga 13 zuwa 16 a 2023.

Inda gizo ke saƙa shi ne togaciya. Doka takan ce 18, sannan ta ƙara da cewa sai dai in iyaye ko kotu sun yarda, alhali iyayen ne ke aurarwar tun farko. Dokar auren Tanzaniya ta 1971 ta bari a aurar da mai 15 da yardar iyaye, mai 14 da izinin kotu, har sai da Rebeca Gyumi, wata mai fafutukar kare haƙƙin 'yan mata, ta kai ƙara, babbar kotu ta ce sassan sun saɓa wa tsarin mulki a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2019. Malawi sai da ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2017 kafin ta toshe irin wannan kafa, Ingila da Wales ma ba su rufe tasu ba sai a Fabrairun 2023.

6. To me ya sa ake kafa doka amma abin bai tsaya ba?

Babban dalili shi ne tabbatar da shekaru. A 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 150 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi rajistar haihuwarsu ba. A duba yadda hakan ke kasancewa a teburin ɗan sanda: uwa ta ce 'yarta 14 take, lauyan wanda ake tuhuma ya ce ta haura 18, babu takardar haihuwa, jami'in ya ɗaga kai ya dubi tsawon yarinyar da cikar jikinta, shari'a ta mutu tun kafin ta isa gaban alƙali. Ga kuma auren da ba a rubuta shi a ko'ina ba, da kotun da ke da nisan wuni guda, da dangin da za su zo su ce a rufa asiri a kashe maganar a gida.

Duk da haka doka ba banza ba ce, idan ta sami abokan tafiya. Indiya ta kafa dokar hana auren yara a 2006, kuma binciken lafiya na ƙasar ya nuna cewa matan da aka aurar kafin 18 sun ragu daga kashi 47 cikin ɗari a 2005 zuwa 2006, suka koma kashi 23 a 2019 zuwa 2021. A daidai wannan lokaci karatun 'ya'ya mata ya ƙaru ƙwarai, abin da ya kai mu ga amsa ta 9.

7. Tsananta hukunci zai magance matsalar?

Ya danganta da wanda hukuncin zai hau. Ga babban da ya yi wa yarinya ciki, ko ya aurar da ita, ko ya karɓi kuɗi ya binne ƙara, hukunci mai tsanani ya dace, kuma Saliyo a dokarta ta 2024 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga wanda ya auri yarinya. Haka kuma wajibi ne a soke duk sashen da ke yafe wa mai fyaɗe idan ya auri wadda ya zalunta. Maroko ta soke nata a 2014, bayan wata 'yar shekara 16 da aka aurar wa irin wannan mutum ta kashe kanta a 2012, Tunisiya da Jodan da Labanan suka bi sahu a 2017. Tabbacin cewa za a gurfanar da mutum ya fi tsawon ɗaurin da aka rubuta a takarda tsoratarwa.

Idan kuwa yara biyu ne sa'o'in juna, lissafin daban ne. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2013 cewa mayar da irin wannan mu'amala tsakanin 'yan shekara 12 zuwa ƙasa da 16 laifin da za a gurfanar da su ya saɓa wa haƙƙinsu, domin yana hana su neman taimako. A Indiya, dokar kare yara ta 2012 ta wajabta wa likita sanar da hukuma duk cikin da ya gani ga wadda ba ta kai 18 ba, kuma an daɗe ana ƙorafin cewa hakan na sa wasu guje wa asibiti. Hukunta ita yarinyar, da tara ko kora ko tozartawa a bainar jama'a, shi ne barin jaki a daki taiki.

8. Ya halatta makaranta ta kori ɗalibar da ta yi ciki? Barin ta ba zai ja hankalin sauran ba?

Ƙasashe da yawa sun bar wannan hanya. Kenya ta fara tsarin komawa makaranta bayan haihuwa a 1994, Zambiya a 1997, Zimbabuwe kuma ta haramta korar a gyaran dokar iliminta na 2020. Saliyo ta hana masu ciki shiga aji a 2015, kotun ECOWAS ta ce wariya ce a Disambar 2019, gwamnati ta janye haramcin a Maris 2020. A Tanzaniya, Shugaba John Magufuli ya bayyana a 2017 cewa ba za su koma makarantun gwamnati ba, gwamnatin Samia Suluhu Hassan ta sauya matsayin a Nuwambar 2021.

Tsoron cewa sauran za su yi koyi yana da sauƙin fahimta, amma wanda ya taɓa ganin ɗalibar da ta kwana tana jijjiga jariri ta zo tana gyangyaɗi a aji ya san ba abin sha'awa ba ne. Korar kuma ita kaɗai take hawa, yaron ko malamin da ya jawo abin yana nan a wurinsa. Wadda aka kora tana da shekara 15 kusan hanya ɗaya ta rage mata, wato aure da ciki na biyu.

Rubuta izinin komawa bai wadatar ba. Sai an fayyace tsawon hutun haihuwa, an tabbatar sunanta bai faɗi daga rajistar jarrabawa ba, an ba ta zaɓin sauya makaranta idan tsangwama ta yi yawa, an kuma yi tunanin wanda zai riƙe jaririn da lokacin shayarwa. Inda aka bar waɗannan ga ra'ayin shugaban makaranta, kaɗan ne ke dawowa.

9. Waɗanne manufofi ne aka gwada aka ga amfaninsu?

Mafi ƙarfin shaida tana tare da duk abin da ke riƙe yarinya a makaranta, kuma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2025 ta sa wannan da hana auren wuri a sahun gaba. A wani gwaji da ya shafi makarantun firamare 328 a yammacin Kenya, raba rigar makaranta kyauta kaɗai ya rage barin karatu da ɗaukar ciki. A yankin Amhara na Habasha, shirin Berhane Hewan ya haɗa kayan karatu da zaman tattaunawar jama'a da alkawarin akuya ga gidan da bai aurar da 'yarsa ba har ƙarshen shirin, kuma auren 'yan shekara 10 zuwa 14 ya ragu sosai. A Zomba ta Malawi tallafin kuɗi ga 'yan mata da iyayensu ya jinkirta aure da ciki, sai dai da aka koma bayan an daina biya, an tarar yawancin tasirin ya dushe. Darasin mai ɗaci ne ga masu son shirin shekara biyu.

Ingila ta nuna abin da haƙuri ke samarwa. A 1999 ta ƙaddamar da shirin shekara goma da nufin rage cikin 'yan ƙasa da 18 da rabi kafin 2010, ta sa wa kowace ƙaramar hukuma nata ma'auni da jami'in da za a tambaya, ta haɗa ilimi da asibitocin da matasa ke iya shiga ba fargaba da tallafa wa waɗanda suka riga suka haihu. Wa'adin ya cika ba a kai ga rabin ba, masu suka suka ce an yi asarar kuɗi, amma zuwa 2014 an haye shi.

10. Koyar da ilimin jiki da balaga ba buɗe wa yara ido ba ne?

Bitar da UNESCO ta yi a jagorarta ta 2009, wadda ta sabunta a 2018, ta nuna cewa darussan da aka tsara daidai da shekaru ba sa sa yara fara saduwa da wuri, sau da yawa ma jinkirtawa suke sawa. Yaron da ke da wayar hannu idonsa a buɗe yake, tambayar ita ce daga wa zai ji. Wani gwaji a Kenya ya nuna cewa sanar da ɗalibai mata cewa manyan maza sun fi sa'o'insu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ya rage ɗaukar ciki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Haƙƙin iyaye ne su ga manhajar kafin a koyar, kuma makarantar da ta zauna da su tun farko ta fi tsira daga rigima.

11. Yarinya ta zo asibiti ita kaɗai. Me ya kamata ma'aikacin lafiya ya yi?

Kalmar farko ce ke yanke ko za ta dawo. Idan aka ɗaga murya a layin awo aka ce "Ke, ina mijinki?" alhali mata talatin na sauraro, ba za a sake ganin ta ba sai ranar da aka kawo ta ranga-ranga. Idan kuwa ungozoma ta ja ta ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce "'Yata, zauna, yaushe rabonki da ganin al'ada?", to akwai fatan ta cika zuwa awo sau takwas ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016, har ma ta faɗi wanda ya yi mata.

Dokokin neman izinin iyaye sun bambanta, kuma dole ma'aikaci ya san ta ƙasarsa. A Ingila, hukuncin shari'ar Gillick na 1985 ya ba likita damar duba wadda ba ta kai 16 ba idan ta fahimci abin da ake yi mata, bayan ya yi ƙoƙarin shawo kanta ta sanar da iyayenta. Inda doka ta wajabta kai rahoto, a gaya mata gaskiya tun farko. Idan fyaɗe ne da bai jima ba, lokaci yana da tsada: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana biyar.

12. Iyaye sun gano 'yarsu na da ciki. Da me za su fara?

Da asibiti, kafin bincike da faɗa. Bayan haka a sami wadda yarinyar ta fi sakewa da ita ta tambaye ta a keɓe, domin idan mai laifin ɗan gida ne ba za ta ambace shi a gaban taro ba. Idan babba ne, a kai ƙara, a adana saƙonnin waya da takardun asibiti, kada a karɓi kuɗin rufe baki. A sanar da makaranta a rubuce cewa hutu ta ɗauka, kamar yadda amsa ta 8 ta bayyana. Korar ta daga gida ko ɗaura mata aure da wanda ya cuce ta yana sa ta a gaba kura baya sayaki, kuma ɓacin ran iyaye, duk da gaskiyarsa, ba ya rage ko kwana ɗaya daga watannin da suka rage mata.

13. Ina alhakin namiji?

Dokokin ƙasashe da yawa sun ɗora wa uba ciyar da ɗansa ko da babu aure, kuma gwajin DNA ya rage ƙarfin musu. Biyan kuɗin ciyarwa ba ya goge laifin da aka bayyana a amsa ta 7. Shari'u biyu ne daban. Malamin da aka samu da laifi a soke lasisinsa, domin sauya masa makaranta kai matsalar wani gari ne kawai.

14. Wace rawa shugabannin gargajiya da na addini za su taka?

Su ne ke jin labarin aure tun kafin a ɗaura shi, lokacin da hukuma ba ta ji sai an yi ihu bayan hari. Marigayiya Theresa Kachindamoto, wadda ta kasance babbar basarakiya a gundumar Dedza ta Malawi, ta sa masu sarautar da ke ƙarƙashinta sun sa hannu a yarjejeniyar daina aurar da yara, ta dakatar da waɗanda suka saɓa, ta raba ɗaruruwan irin waɗannan aure ta mayar da yaran aji. Mai ɗaura aure da ya nemi shaidar shekaru kafin ya buɗe baki, da mai wa'azin da ya ambaci laifin babban da ke lalata yarinya kamar yadda yake ambaton suturar mata, sun yi aikin da ɗan sanda ba zai iya ba. Abin kiyayewa shi ne dokokin gari masu cin tarar gidan yarinyar, domin suna mayar da mu ga ɓoyewar da aka yi bayani a amsa ta 2, da kuma sulhunta fyaɗe, wanda hurumin kotu ne.

15. Ta yaya za a gane cewa wani shiri yana aiki?

Yawan taruka da alluna ba ma'auni ba ne. A nemi adadin haihuwa a rarrabe, na 'yan shekara 10 zuwa 14 daban, na 15 zuwa 19 daban, gunduma bayan gunduma, domin matsakaicin ƙasa yakan lulluɓe yankunan da abin ya fi ƙamari. A duba ko shirin yana da layinsa a kasafin kuɗi da kuma nawa aka saki, a duba ƙararraki nawa aka shigar da nawa suka kai ga hukunci, a kuma tambayi makarantu ɗalibai nawa ne cikin waɗanda suka haihu bara suka zauna jarrabawa bana. Raguwar adadin da asibitoci ke rubutawa kaɗai na iya yaudara, musamman bayan an tsananta doka, domin mai yiwuwa 'yan matan sun koma haihuwa a gida ne, don haka sai an gwama shi da binciken da ake bi gida-gida.